Garwashi da Gangunan Ruwan Sama

Ran da Garwashi ta fito da bokitinta da safe ta tarar an yi wa famfon gidan akwatin ƙarfe an garƙame shi da kwaɗo, babu wanda ya koma barci a layin nan. Ta dangwarar da bokitin har mariƙinsa ya fita, ta je ta doki ƙofar ƙanenta da tafin hannu.

"Auta! Fito ka gaya mini ko da famfon nan aka haife ka!"

Auta ya fito yana saka riga. Furfura ta riga ta cinye rabin kansa, amma a bakin yayarsa har gobe Auta ne. Gyaran janareta yake yi a bakin titi, mutum ne mai sanyin magana, wanda kan daɗe yana juya kalma a baki kafin ya sake ta.

"Yaya, saurare ni. Ruwan nan ɗigo-ɗigo yake zuwa, kafin rana ta ɗaga ya ɗauke. Ke kuma kin kafa bokiti tun kafin kowa ya buɗe ido. Jiya yarana ba su yi wanka ba suka tafi makaranta, tumatirinki kuwa ya yi wanka har da ƙari."

"Au, tumatirin ne ya tsone maka ido?"

"Ba tsone ido ba ne. Na sha da na girki da na wanka, ki zo ki karɓi makulli duk sa'ad da kike so. Na lambu ne ban yarda ba."

"In zo in karɓi makulli," in ji ta, tana jan kowace kalma. "A gidan ubana. A hannunka kai da na goya."

Ta ɗauki bokitinta ta koma sashenta. Daga ranar ba ta ƙara taɓa famfon ba, ko na sha sai ta saya a hannun mai ruwa.

Ba a banza aka sa mata Garwashi ba. A ɗakin wankin asibiti abokan aikinta suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida. Tun tana budurwa ta shiga aikin, ta fito da jikoki. Zannuwan gado masu jini da amai da abin da ba a faɗa, duk ta hannunta suka bi. Ta yi faɗa da masu jinya a kan allurar da suke mantawa a cikin zane, ta yi da mai kula da sito a kan sabulun da yake ragewa, ta yi da injin wanki kansa, wanda takan daka wa duka in ya tsaya. Amma ba a taɓa mayar mata da zane an ce bai fita ba. Uwarsu ta rasu Auta yana rarrafe, ita ta raine shi, da duka da goyo duk a hannu ɗaya. Da mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo kuma ta yi aure nesa, sai ta dawo gidan ubansu. Aka ja katanga a tsakiya, ita gefe Auta gefe, famfon ya faɗa a zauren da suke tarayya.

Aikin ya bar mata abu biyu. Na farko hannaye ne masu kaushi, waɗanda ruwan sabulu ya tsattsage. Na biyu kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa ba: bilic, sinadarin da suke wanke zannuwa da shi, ya kashe mata hanci. Ta gane hakan ne wata rana da tukunya ta ƙone ƙurmus a bayanta tana zaune ba ta sani ba, sai da hayaƙi ya shiga idonta. Ta zubar da abincin, ta kankare tukunyar, ta ja bakinta ta yi shiru. Garwashi ba ta cikin masu cewa ga abin da ba su iya ba.

Da ta ajiye aiki, zaman banza ya kusa haukata ta. Ta wanke duk abin da ke wankuwa a ɗakinta, ta sake wankewa. Wata safiya ta dubi filin bayan ɗakin, inda ake jibge tsofaffin kwanoni da fasassun kujeru, ta ce wannan ƙazanta ta isa. Ta kwashe, ta kafta, ta zuba taki. Tumatir ta fara sawa, sai alayyafo, sai barkono da albasa. Tana yi musu faɗa kamar yadda take yi wa mutane, su kuwa suna girma abinsu. A nan ne kaɗai ake jin ta tana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, in ta tabbatar ba mai jin ta.

To, wannan lambun ne aka hana ruwa. Ta yi ta ba shi ragowar ruwan wanke-wanke, yana ramewa tana kallo, har wata rana 'yarta ta kira ta a waya ta ji ƙorafin daga farko har ƙarshe.

"Mama, ga damina nan tafe. Ki sayi ganguna ki tari ruwan sama mana. Shi dai kawu ba shi da makullinsa."

"Ki bar faɗa da ƙarfi," in ji Garwashi, "kar ya ji ya je ya saro."

Washegari ta tafi bayan kasuwa, inda ake sayar da tsofaffin gangunan roba. An tara su har sun fi tsayin mutum, shuɗɗa da baƙaƙe, rana tana dukansu. Mai gangunan ƙato ne mai yawan dariya, yana zaune a kan ɗaya yana sakace. Garwashi ta sa aka sauko mata da su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙwanƙwasa ta saurara, ta ɗaga wa rana ta duba huji, ta murɗa murfi ta kwance. Sa'annan ta cusa kanta ciki ta ja numfashi, kamar mai jin wani abu.

"Me aka zubo a cikinsu?"

"Ruwan lemo, Baba. Daga kamfani. Ko yanzu kika lasa za ki ji zaƙi."

"Ka lasa in gani."

Ya fashe da dariya. "Kai, Baba ta iya tsiya. Wallahi tsab suke. Ga hancinki ai, ke ma kin ji."

Ta ce ta ji. Ta zaɓi uku shuɗɗa. Ta ukun tana da tabon takardar da aka kankare a gefe, amma ita ta fi kauri, murfinta kuma ya fi kamawa. Aka ɗora a amalanke tana biye tana yi wa mai turawa faɗa a kan ramuka. A gida ta wanke su da sabulu da soso, ciki da waje, wankin wadda ta san aikinta, ta kifa su suka bushe.

Mai gyaran famfo da ta kira, wanda kowa ke ce wa Dogo, ya zo da tsani da bututu da surutu. Ya ce ba a ajiye ganga a ƙasa, sai an yi mata dakali na bulo, don bokiti ya shiga ƙarƙashin kan famfon da zai huda mata. Ta ce ɓata lokaci ne. Ya ce to ta riƙa kwanciya tana ɗiba. Ta harare shi, ta ce ya yi dakalin. Ya kafa indararo a bakin kwanon rufi, ya saukar da bututu, ya ɗaura raga a bakin kowace ganga saboda ganye da sauro. Biyu ya jera su a gefen taga ya haɗa su da guntun tiyo, in ta farko ta cika ta zuba wa ta biyu. Ta ukun babu wuri, sai a ɗaya kusurwar rufin, jingine da katangar da ta raba ta da Auta.

Yana cikin huda mata hanyar ambaliya, kan Auta ya bayyana a saman katangar.

"Dogo, ina ruwan zai bi in ta cika?"

"Nan ƙasa, ya gangara."

"Ya gangara gindin katangata ke nan. Yaya, ruwa zai ci katangar nan ta zube."

"Katangarka? Har katangar ma ta zama taka? Gobe sai ka ce hadarin ma ta kan rufinka ya biyo!"

"Ni ban ce ba."

"Ka kulle na ƙasa, yanzu ka leƙo kana ƙyashin na sama. Sauka ka ba ni wuri!"

Auta ya girgiza kai. "Wannan lambu dai, Allah ya raba mu da shi," in ji shi, ya sauka. Dogo ya ƙara tsawon bututun ya karkatar da shi wajen kwata. Garwashi kuwa, maganar Auta ta shige ta ta zauna.

Ruwan farko da ya sauko, Dogo ya riga ya gargaɗe ta kada ta tara, don shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye daga rufi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ruwa yana malala kwata, tana tsaki kamar ana kwashe mata kaya. Na biyun ya zo da la'asar, mai ƙarfi. Ta cire toshiyar bakin gangunan ta tsaya a cikin ruwan ba lema, tana jin ƙarar gangunan tana sauyawa daga amon wofi zuwa nauyin cika. Da suka tumbatsa ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan katanga.

"To, a zo a sa wa wannan kwaɗo!"

Lambun ya farfaɗo. Tumatir ya yi fure ya fara 'ya'ya, ganyen alayyafo ya yi faɗin tafin hannu. Sai ruwa ya ɗauke, kamar yadda yakan yi a tsakiyar damina, rana ta buɗe wuta. Garwashi ko a jikinta. Ta shayar da lambun daga ganga ta farko har ta ƙare, ta shiga ta biyu. Da ita ma ta yi ƙasa, ta zagaya ta buɗe ta ukun.

Ba a daɗe ba ganyen tumatir ya fara nannaɗewa. Ta ce ƙishi ne, ta ƙara masa ruwa. Alayyafo ya yi rawaya ya kwanta. Barkono ya zubar da fure. Wata safiya ta fito ta tarar da lambun kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, sai kunyar albasa ɗaya a can ƙarshe, wadda ba ta kai ga ba ta ruwan gangar ba. Ta tsaya ta dubi albasar, ta dubi gangar, ta dubi katangar da gangar ke jingine da ita. Mutum in ya taka kujera daga wancan gefen, hannunsa zai kai murfin.

Ta tuge matattun tumatirin da saiwarsu ta runguma, ta fita ko mayafi ba ta gyara ba. Auta yana durƙushe gaban wani janareta, masu jiran gyara suna zaune a benci. Ta zube masa su a kan injin, ƙasa ta watsu cikin kayan aikinsa.

"Ga shi! Allah ya raba ka da shi, ko kuwa kai ka raba kanka? Me ka zuba mini a ganga?"

Auta ya miƙe a hankali. "Yaya, me kike cewa?"

"Kar ka Yaya ni! Guba ka zuba! Ka haura katanga kamar ɓarawo ka zuba wa abin da na shuka da hannuna guba! Ni na wanke maka kashi, ni na hana cikina na ba ka, ashe abin da na raina ke nan. Ku dube shi, ku da kuke kawo masa gyara, ku san wa kuke ba kayanku!"

Mutanen benci suka sunkuyar da kai. Mai shayin gefe ya bar zuba ruwa. Auta bai ɗaga murya ba. Ya tattara matattun itatuwan ɗaya bayan ɗaya ya ajiye gefe, ya ce, "Ki tafi gida, Yaya." Ta tafi tana zage-zage har ƙofar gida.

Da yamma matar Auta ta yi sallama a sashenta. Mace ce da ba ta shiga faɗan 'yan'uwa, amma ranar idonta ja wur.

"Yaya, na zo in ga gangar da aka ce mijina ya zuba wa guba."

"Ga ta can, je ki gani."

Matar ta murɗa murfin, ta yi baya da sauri tana toshe hanci da gefen zane. "Kai! Yaya, da wannan kike ban ruwa? Ba kya jin warin nan?"

Garwashi ta matso ta leƙa gangar.

"Warin maganin kashe ciyawa ne, har maƙogwaro yake kamawa." Matar ta juya murfin, ta sa tsinke ta ɓanɓare zoben robar da ke ciki. A ƙarƙashinsa wani abu ne rawaya, ya daskare ya yi ɓawo. "Dubi nan. Wannan ba jiya aka zuba shi ba, ba bana ba ma. A jikin robar yake, rana ce ta dafa shi ya fito. Da kika saya ba ki shinshina ba?"

"Na shinshina."

"To?"

"Ba na ji," in ji Garwashi, da ƙyar, kamar ana zare mata haƙori. "Hancin ya mutu tuntuni."

Matar Auta ta dube ta, ta ajiye murfin. "Da kin faɗa, da na raka ki," ta ce. Ta fita.

Kunyar ba ta daɗe a cikin Garwashi ba ta juye ta zama wuta. Da safe ta tuntsurar da ruwan a kwata, ta ture gangar daga dakali, ta gara ta da hannu da ƙafa tun daga ƙofar gida har bayan kasuwa. Masu babur suna kaucewa, tana zaginsu don ba su kauce da wuri ba. Mai ganguna ya hango ta ya fara murmushi, murmushin ya tsaya a hanya.

"Ga ruwan lemonka," in ji ta. "Sa kanka a ciki."

"Baba, lafiya?"

"Sa kanka, na ce! Kai ai hancinka na aiki!"

Mutane suka fara taruwa. Wani mai walda ya leƙa gangar ya tofar da yawu. Mai ganguna ya ce shi haka aka kawo masa, ba ya bin kowace ɗaya, in tana so ta zaɓi wata ya musanya mata.

"Haka aka kawo maka da takardar a kankare? Ka musanya mini, ita kuma wannan ka mayar kan tari ka sayar wa wata? Ni lambu na ba ruwanta. Da mai goyo ce ta saya ta tara ruwan sha fa? Da ta dama wa jaririnta da shi fa? Na wanke zanen yaran da suka sha irin wannan, kai kana nan kana sakace!"

Ta fizge gatarin da ke jingine da rumfar. Mutane suka watse baya. Ta sara gangar a ciki, ta sake sara a gindi, ta yi ta sara har hannayenta suka gaza, robar ta zama abin da ko kaji ba za a ba ruwa a ciki ba. Ta jefar da gatarin. Ba ta karɓi musanyar ba. Kafin ta bar wurin, wata mata da ke cinikin ganga ta ajiye ta bi bayanta.

Daga nan shagon Auta ta nufa, gumi yana zuba. Mutanen benci na jiya wasu suna nan. Ta tsaya a inda ta tsaya jiya, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga jiya.

"Ku ji. Ba shi ba ne. Daga kasuwa ta zo da gubarta. Abin da na faɗa jiya ƙarya na yi masa."

Auta bai ɗago daga injin ba. "Na san ba ni ba ne, Yaya."

"To, na faɗa."

"Kin faɗa." Ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya dube ta. Ba ta taɓa ganin fushi irin wannan a fuskarsa ba. "Duk zagin da kika yi mini tun ina yaro na shanye, don na san bakinki ne. Wannan ba bakinki ba ne. Kin zauna kin yi tunani, kika ga zan iya. Shi ne ba zai wanku ba."

Ta juya ta tafi gida.

Sauran daminar ta yi ta ne tana kwashe ƙasar da ta lalace da kwano tana zubarwa, tana kawo sabuwa. Dogo ya zo ya karkatar da indararon kusurwar zuwa ganguna biyun da suka rage. Ta shuka kuɓewa da alayyafo, masu saurin yi, don lokacin tumatir ya wuce. Auta yana gaishe ta in sun haɗu a zaure, gaisuwa cikakkiya ba ragi, amma bai ƙara taka sashenta ba. Gara mata ya zage ta. Ta gaya wa 'yarta haka a waya, 'yar ta ce ta ba shi lokaci, Garwashi ta kashe wayar a kunnenta.

Da kuɓewar ta yi, kaɗan ce, ba ta cika ƙwarya ba. Ta zaɓi masu taushi ta kira matar Auta ta miƙa mata ta kan katanga. Washegari ta tare ta a zaure.

"Ya ci?"

"Ya ci, har ya ƙara."

"Kin gaya masa daga ina take?"

Matar ta kau da kai. "Na ce daga kasuwa."

"Kasuwa! Kuɓewata ce ta yi kama da ta kasuwa? Shi kuma bakinsa ya mutu ne da bai gane ba?"

"Yaya, in na faɗa ba zai ci ba."

Garwashi ta ja tsaki mai tsawo, ta shige sashenta ta bugo ƙofa. Can kuma ta sake buɗewa ta leƙo.

"Jibi alayyafo zai isa yanka. Ki zo da kwano babba, ba irin wannan abin wasan yaran da kika kawo jiya ba."